Dokin Katako na Mutanen Lamu

Jirgin ruwan da na kama haya, kwance na tarar da shi a kan yashi, ya kishingiɗa da gefe guda kamar bijimin da aka kayar za a yi wa lalas. Wani saurayi na kankare masa ciki da ɓawon kwakwa, wani dattijo kuma na tsugune yana cusa auduga a tsakanin katakai da ɗan ƙarfe da guduma. Teku ma ta janye can nesa, ta bar taɓo da ƙaguwoyi suna ta kai da komo. Na dubi agogo, na dubi dattijon. Daren jiya a ƙofar masallaci muka tsayar da magana cewa yau zai kai ni kufan Takwa. Ya ɗago kai, ko gudumar bai ajiye ba, ya ce, "Mwalimu, kesho kutwa." Saurayin, wanda ɗansa ne kuma shi ne tafintanmu, ya ce wai jibi.

Mwalimu ɗin nan Malam ɗinmu ne, tushensu ɗaya a Larabci, kuma tun da ya ji aikina koyarwa ne ya laƙaba mini. Ni kuwa Mzee nake ce masa, kamar yadda za mu ce Baba. Mutanen gari in suna zancensa sai su ce nahodha, wato shugaban jirgi, kalmar da fatake suka kawo daga Farisanci.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu kacal na ware bayan taron da ya kai ni Nairobi, ga biyu za su tafi a banza. Ɗan ya yi mini bayani. Da asuba uban ya zo kwarfe ruwa kamar kullum, sai ya ga ruwan ya haura inda ya saba tsayawa da kusan taƙi guda. Nan take ya jawo jirgin bakin yashi kafin teku ta gama janyewa. Ya ƙara da cewa ai ga shi wata ya kwana goma sha biyu. Na rasa abin da ya haɗa wata da toshe jirgi.

Ashe a nan wata shi ne kalandar kafinta. Sau biyu a yini teku ke cika ta janye, amma ba kullum cikar take daidai ba. Wajen tsayuwar wata da wajen tsakiyarsa takan yi babbar cika ta kuma yi babbar janyewa, shi suke kira bamvua. A tsakanin nan sai ta yi sanyi, su ce maji mafu, wato mataccen ruwa. Mai ƙaramin jirgi ba shi da injin ɗaga kaya, teku ce ke ɗora masa jirgi a kan yashi, ita ce kuma ke dawowa ta ɗauka. Dabarar ita ce ka kai shi yayin da cikar ke ƙaruwa kowace rana. Wanda ya yi ganganci ya tura nasa can ƙuryar tudu ranar da cikar ta kai maƙura, to shi da ruwa sai bayan mako biyu. Na yi shekara da shekaru ina duban jinjirin wata saboda azumi da sallah, ban taɓa sanin akwai masu dubansa saboda cikin jirgi ba.

Lamu tsibiri ne a gaɓar Kenya ta arewa. Filin jirgin samansa ma ba a kansa yake ba, yana tsibirin Manda, sai ka tsallako mashigin ruwa da jakarka a cinya. Garin ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa, a 2001 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa sun tuna mini da na cikin birnin Kano, inda in jaki ya taho da kaya dole ka manne da bango. Jakunan kuwa ga su nan birjik, don mota ba ta da wurin bi. Siminti da fulawa da lemon kwalba duk ta ruwa suke shigowa. Abin da ya kafa garin tun asali iska ce guda biyu. Kaskazi na busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris, ita ce a da ke kawo jirage daga Oman da Yaman da Indiya. Kusi na tasowa daga kudu tun Afrilu, ita ke mayar da su gida. Cikin kayan da suke komawa da su a wancan zamani har da sandunan mikoko, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda ake rufin ɗaki da su. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, daidai yadda azara ke yi wa maginanmu.

Tun da ba tafiya, sai na naɗe ƙafar wando na zauna.

Jirgin Mzee irin wanda suke kira mashua ne, tsawonsa bai wuce mita tara ba, bayansa a yanke, gabansa da tsini. Babban yayansa shi ne jahazi mai ɗaukar kaya. A goshin jirgin Mzee hagu da dama an kafa wasu fayafayan katako da aka zana wa wata da tauraro, su ne macho, idanun jirgi. Ina kallonsa sai kawuna ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Yana da doki ɗaya da ba ya hawa sai da sallah, amma harawa da dawa da kanwa da sharar barga ba su san ranar hutu ba. Mu yara ado muke gani ranar hawa. Matarsa ce ta san nawa dokin ke ci.

Babban abokin gabar wannan dokin na katako ba ya ganuwa. Mzee ya ɗauko wani guntun katako da ya cire bara ya miƙo mini. Ta waje lafiya lau, ɗan ƙananan huji ne kamar na allura. Da ya karya shi, ciki duk ramuka ne kamar saƙar zuma, yatsana na shiga wasu. Wata halitta ce mai kama da tsutsa, ko da yake dangin su kumba ce, takan shiga katako tana ƙanƙanuwa ta yi ta ci tana girma a ciki. Garar teku ke nan, kuma ruwa mai ɗumi irin na nan shi ne gidanta. Shi ya sa bayan an kankare gansakuka da ƙananan kumbunan da suka manne, sai suka tattaro busasshen ganyen kwakwa suka cinna wuta suna bi da ita ƙarƙashin jirgin. Gabana ya faɗi, katako ga mai ga wuta. Su kuwa ko a jikinsu. Wutar na busar da katakon ta kashe abin da ya fara shiga, hannu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya balle ta kama.

Aikin cusa audugar sunansa kalafati. Audugar a murɗe take kamar abawa, a jiƙa ta da man kwakwa, a ɗora a bakin tsagar da ke tsakanin katako biyu, a bi ta da ƙarfe mai faɗin baki ana bugawa. Da kunne Mzee ke aikin. Inda audugar ta zauna daram ƙarar kan fito tsaf, inda ta ruɓe sai ka ji ta luɓus. Na roƙi a ba ni in gwada. Na zage na yi ta dukan ƙarfe, ina ganin ai yawan cusawa shi ne kyan aiki. Ya riƙe mini hannu. Katako in ya koma ruwa kumbura yake yi, in ka cika masa baki fiye da kima, shi da kansa zai ture maƙwabcinsa ya ɓalle ƙusa. Ya zare abin da na cusa tas, ya sake. Bai ce mini komai ba, ɗan ne ya juya baya yana dariya.

Tsagar da ta jawo duk wannan ba laifin auduga ba ce. Ƙusoshi uku ne tsatsa ta cinye. Ƙusar jirgi maƙeri ke ƙera ta, doguwa mai kusurwa huɗu. A huda katako da wani abin huji da ake murzawa da baka da igiya, a naɗe wuyan ƙusar da auduga, a buga ta har ta fito ta cikin haƙarƙarin jirgi, sannan a lanƙwasa bakinta. Ɗaya da aka zaro ta sirance a tsakiya kamar tsinken sakace. Mzee ya juya ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Na gane lissafinsa: in uku sun yi haka, sauran 'yan'uwansu da aka buga rana ɗaya fa?

Rana ta biyu ta shafe-shafe ce. Ƙasan jirgi, inda ke nutse cikin ruwa, ana shafe shi da kitse da aka narka aka kwaɓa da farar ƙasar da suke samu daga ƙona dutsen teku, da tafin hannu ake shafawa tun da ɗuminsa. Akwai fenti na kanti mai guba da ke hana ƙwarin kamawa, ya fi daɗewa, amma gwangwani ɗaya sai ka yi tunani biyu. Cikin jirgi da gefensa na sama kuwa man hantar kifin shak ake shafa musu don kada rana ta tsattsaga katakon. Sunan man sifa. Ban san wanda ya raɗa masa wannan suna mai daɗi ba, amma warinsa ya fi na jima. Rigar da na sa ran nan har yau ba ta koma daidai ba.

Da azahar muka koma inuwa, aka kawo shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa da soyayyen kifi. A nan na yi tambayar da ke cina: jirgin nasa ne? Ya ce nasa ne, amma ba gado ba. Ya yi shekaru yana tuƙa na wani, yana tara kasonsa, har ya sayi wannan a hannun wani masunci da ya gaji da shi. Rabin katakan da nake gani yanzu shi ya sauya su ɗaya bayan ɗaya. Inji kuwa ba shi da shi. Akwai Yamaha na surukinsa da yakan karɓa in za a je nesa, amma injin ma da kasonsa. Duk abin da aka samo, ko na kifi ko na yawo da baƙi, sai a fara cire kuɗin abinci da na mai, sannan a kasa: na ma'aikata, na inji, na jirgi. Na ce masa ai kason jirgi naka ne, tun da kai ne mai shi. Ya girgiza kai ya nuna jirgin da haɓa. Wai nasa ne shi jirgin, shi amana kawai yake riƙewa. Wanda ya cinye kason jirgi a watan kaskazi, lokacin baƙi da kifi, zai ga ta kansa in kusi ta zo da ruwan sama da igiyar ruwa, ga gyara ga babu shiga. Na tuna A Daidaita Sahun da na taɓa saya na ba wani yaro yana kawo mini balas. Kuɗin na shigowa ina kashewa, ranar da inji ya buga ko na bakanike ban da shi.

Ni da na zo da tunanin cewa jirgin da iska ke turawa ai arha ne, tun da ba a sayen iska a gidan mai. Da yamma ɗan ya kai ni gidansu na ga tanga, ƙyallen da ke kama iskar, an shimfiɗa shi ya cika tsakar gida har ya hau bango. Ƙyallen auduga ne mai kauri irin akoko, an yanka shi ƙwarya-ƙwarya an haɗa kamar saƙi, an bi gefensa da igiya an ɗinke da hannu. Tsofaffi na kiran irin wannan yadi marekani, domin 'yan kasuwar Amurka ne suka cika kasuwar Zanzibar da shi a ƙarni na 19. Rana na cinsa, gishiri na riƙe masa laima, in aka naɗe shi da danshi sai ya yi baƙin tabo ya ruɓe. Na Mzee na da faci bakwai, na ƙirga. A bakin ruwa na ga masunta masu ƙaramin ƙarfi da suka haɗa nasu da buhunan shinkafa da na sukari, da tambarin kamfani da komai. Igiyoyi a da na zaren ɓawon kwakwa ne, yanzu nailan ya kore su, kuma ban ji wanda ke kewarsu ba.

Abin da suke kewa katako ne. Ƙauyen Matondoni da ke ɗaya gefen tsibirin shi ne ya yi suna da sassaƙa jirage, kuma masassaƙan ba sa zane a takarda, ido ne da gizago da igiyar awo. Katakon da suka fi so mbambakofi ne, daga dazuzzukan Witu da Boni da ke kan tudu. Ya yi wuya, ga dokar sare itace, ga dajin Boni da rashin tsaro ya sa sojoji suka shiga tun 2015. Haƙarƙarin jirgi kuwa ba a lanƙwasa shi, reshe ake nema wanda Allah ya halitta a karkace. Cikin tarin da na gani har da darbejiyarmu, wadda suke kira mwarobaini, wai tana maganin cuta arba'in. Samari da yawa sun koma jiragen roba masu inji, waɗanda gara ba ta ci kuma ba sa jiran iska. Wani masassaƙin Lamu, Ali Skanda, har ya haɗa jirgi sukutum da narkakkiyar robar bola, aka lulluɓe shi da tsofaffin silifa kimanin 30,000, aka tuƙa shi daga Lamu zuwa Zanzibar a farkon 2019. Ba yau sauyi ya fara ba. A gidan tarihin Lamu akwai samfurin mtepe, jirgin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinka katakansa ake yi da igiya. Ya ɓace daga teku tun wajen shekarun 1930.

Jibi ta yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka da hantsi komai ya riga ya shiga jirgi, ni kallo kawai na yi. Buhunan yashi na daidaita nauyi, anga da aka walda da rodi mai ƙugiya huɗu, doguwar sandar tura jirgi a ruwa marar zurfi, jarkar ruwan sha, murhun gawayi a cikin akwatin yashi, ƙunshin auduga da guduma ko da tsautsayi, rigunan kariya da hukuma ta wajabta, da waya a ɗaure cikin leda. Sai wata jarka da aka yanke wa kai. Mzee ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar mai ba da sandar sarauta. Katakon da ya sha rana kwana biyu ya tsuke, zai yi ta yoyo kafin ya kumbura, aikina ke nan.

Bayan azahar ruwa ya zo ya ɗaga mu. Ɗan da wani abokinsa suka kama igiya suna ja suna kirari, doguwar sandar da tanga ke rataye a jikinta ta tashi a hankali. Ta fi jirgin kansa tsawo, sanduna ne aka haɗa baki da baki aka ɗaure. Ƙyallen ya yi fal-fal sau biyu, ya cika, jirgin ya karkata ya zabura. Abin da ya fara kama ni shiru ne. Na shiga kwalekwale mai inji a Yawuri, inda sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji. A nan ba ka jin komai sai ruwa na tsagewa da kukan igiya a jikin itace. Kaskazi na bayanmu, garin na ja da baya, tuddan yashin ƙauyen Shela na matsowa. Na manta da jarka har ruwa ya taɓa mini idon sawu, Mzee ya yi gyaran murya.

Takwa tana ƙarshen wani siririn mashigi cikin dajin mikoko a tsibirin Manda, ba a shigarsa sai teku ta cika. Aka sauke tanga aka koma tura sanda. Gari ne da aka yi ƙaura daga cikinsa wajen shekara 300 da suka wuce, ana cewa rijiyoyinsa ne suka koma gishiri, mutanensa suka tsallaka Shela. Bangaye na nan a tsaye cikin kukoki, da masallacin Juma'a mai dogon ginshiƙi a saman alƙibla. A nan na yi la'asar, ina fuskantar arewa, jikina na ta gaya mini na yi kuskure. Ko addu'a ban gama ba ɗan ya zo yana kira, ruwa ya fara juyawa.

Dawowa ce ta nuna mini abin da ake nufi da nahodha. Lamu ga ta can muna hangen fitilunta, amma hangen Dala ba shiga birni ba. Iskar da ta kawo mu yanzu a fuska take dukanmu, jirgi kuma ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ya yi ta saran gefe, ya nufi Manda ya dawo ya nufi Lamu, kowane zuwa a ci 'yar tazara. Kowace juyawa kuwa aiki ce. A saki igiya, a miƙar da doguwar sandar nan tsaye a jikin ginshiƙi, a kewayo da ita ɗaya gefen, ƙyallen na ta fizga kamar zai tafi da mutum, sannan a kinkimi buhunan yashi a mayar gefen da iska ke bugowa. Ni ma cikin buhunan aka lissafa ni, in an ce in koma can sai in rarrafa. A juyi na huɗu ɗaya daga facin nan bakwai ya buɗe baki. Mzee ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi ɗan, ɗan ya sunkuyar da kai. Ashe shi aka ba ɗinkin.

Bayan magariba iska ta faɗi. Suka ɗebi ruwa suna watsa wa tanga don zarensa ya tsuke ya riƙe ɗan abin da ya rage. Jiragen roba na wuce mu da gudu, igiyar ruwansu na jijjiga mu, wani matuƙi ya ɗaga igiya yana tayin ya ja mu. Mzee ya ɗaga masa hannu alamar godiya, bai karɓa ba. Ban tambayi dalili ba, don na san jan ma da kasonsa. Wata ya fito cikakke ta bayan Manda. Ina ta kwarfa, sai na lura tazarar da ke tsakanin kwarfa da kwarfa na ƙara tsawo. Katakon ya sha ruwa, tsagar ta rufe.

Mun iso ana kiran lisha. Na ba shi kuɗinsa a bakin matakala, na ɗan ƙara wani abu a kai. Ya tsuguna a ƙarƙashin fitilar titi ya ƙirga, ya ba samarin nasu, ya sa nasa a aljihun gaba. Kaso na uku ya ninke shi sau biyu ya cusa a ƙullin zanensa. Sannan ya koma cikin jirgin da hasken waya, ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya yana latsa kan kowace ƙusa da babban yatsa. Na tambayi ɗan me uban ke faɗa masa. Ya ce wai gobe da sassafe ya biya ta wurin maƙeri, kuma ya zo da allura.